Neman shawara: muna son ajiye irin lambu mu riƙa musaya a unguwa

Uwargida Mai Lambu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu mata ne a unguwa ɗaya, kowa da ɗan lambunta a bayan gida, wasu a buhu da bokiti suke shuka. Muna so mu daina sayen iri duk shekara, kowa ta ajiye nata mu riƙa musaya. Abu uku ne suka sha mana kai. Irin da aka cire daga tumatirin kasuwa ya tsiro, amma 'ya'yan sun fito barkatai, wani ƙanana, wani da kyar ya yi. Tattasai ya fito da yaji. Wake kuma tun kafin damina ta faɗi ƙwari sun huda shi. Masana a taimaka, Allah Ya saka da alheri.

Malamin Gona: Wa alaikumus salam Hajiya. Tumatirin kasuwa ba ki san uwarsa ba. Da yawa daga cikinsa iri mai aure ne, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa. Shukar farko ce take yin kyau, in aka cire 'ya'yanta aka sake shukawa sai halayen iyaye su warwatse, abin da kika gani ke nan. Ku sayi fakiti sau ɗaya na irin da ba F1 ba, kamar UC82B ko Roma VF, daga nan ku ci gaba da cire naku.

Ga yadda ake cirewa. A zaɓi tumatir da ya nuna sosai a jikin uwa, daga shuka biyar ko shida masu lafiya, ba wadda ganyenta ya nannaɗe ko ya yi dabbare-dabbare ba. A matse 'ya'yan da ruwansu cikin kofi, kada a ƙara ruwa, a rufe da ƙyalle a ajiye a inuwa, ana juyawa safe da yamma. Lokacin zafi kwana 2 ya isa, da hunturu kwana 3. Zai yi tsami, wata farar kumfa ta taso a sama. Wannan tsamin ne ke cinye yauƙin da ke lulluɓe da ƙwayar, wanda shi ke hana ta tsirowa. In ya wuce waɗannan kwanakin sai irin ya fara tsirowa a cikin kofin, ya lalace. Sai a zuba ruwa a motsa: mai kyau zai nutse, holoƙo ya taso a zubar. A ɗauraye sau uku, a baza a faranti ko tire, ban da takarda domin mannewa yake yi. A shanya a inuwa mai iska kwana 5 zuwa 7, ana murza shi da yatsa don kada ya dunƙule.

Baba Mai Noman Rani: 'Yata, batun tattasai ba laifin ajiya ba ne, aikin zuma ne. Tana tashi daga furen barkono ta sauka a furen tattasai, kuma yaji shi ne ke rinjaye a gado. Tattasan wannan shekarar ba zai canza ɗanɗano ba, shi ya sa ba a lura. Sai an shuka 'ya'yansa yajin ke bayyana. Katanga ba ta tare zuma, don haka barkonon maƙwabciya ma ya isa.

Maganinsa mai sauƙi ne. Ki yanko tsohon gidan sauro, ki lulluɓe reshe ɗaya ko biyu tun furen bai buɗe ba, ki ɗaure bakin. Furen tattasai yana iya yi wa kansa barbara, ki dai riƙa girgiza reshen kaɗan da safe. Da ɗan ya ƙullu sai ki cire ragar, ki ɗaura jan zare a wuyansa don kada a tsinke shi a kai tukunya. A bar shi ya yi ja jawur kafin a cire iri, ƙwayar ɗanyen tattasai ba ta ƙosa ba. Shi ba ya buƙatar tsami irin na tumatir, a kankare a shanya kawai. In attarugu ne a sa leda a hannu.

Hajiya Mai Kuɓewa: Bari in ƙara na kayan miya. Kuɓewa: a ware ƙwanso uku-huɗu na farko ko na tsakiya a shuka mai kyau, a bar su su bushe a jikin uwa har su yi ruwan ƙasa su fara tsagewa. Mutane na kuskuren cinye masu kyau, su bar na ƙarshen damina a matsayin iri, waɗanda uwa ta haifa bayan ta gaji. Sai dai ku sani shukar da aka bar wa ƙwanso ya tsufa tana rage haihuwa, don haka a ware guda biyu ko uku saboda iri. Ita ma kuɓewa tana auratayya da wata kuɓewar, in kuna da doguwa da gajera kada su yi fure kusa da juna. Ranar shuka a jiƙa ta kwana ɗaya, ɓawonta na da tauri.

Yakuwa da rama a yanke su da zarar ƙoƙon irin ya bushe, in aka yi jinkiri fashewa yake yi ya zubar. Alayyafo a yanko kan a sa a cikin buhu ya ƙarasa bushewa, a murza a sheƙe, kuma a tuge alayyafon daji mai ƙaya da ke kusa kafin ya yi fure. Kabewa ce mai taurin kai: a ɗaure furen mace da na namiji da yamma kafin su buɗe, da sassafe a goga na namijin a cikin na macen, a sake ɗaurewa.

Malamin Gona: Na dawo kan wake. Ƙwaron ba daga ɗaki kaɗai yake shiga ba, tun a gona ake saka ƙwan a jikin ƙwanso, ki ɗauko shi da hannunki ki kai ajiya. Dabarar ita ce a hana shi iska. A busar da waken har in an ciza ya ce ƙas, ba ya lotsa ba. A cika jarka ko gorar ruwa busasshiya har baki, a sa leda a murfin a ɗaure tam, kada a buɗe har wata 2. Rabin jarka ba ya aiki, iskar da ta rage a sama ta ishe su rayuwa. Buhunan PICS masu leda biyu a ciki da wannan hikimar suke aiki, amma na iri mudu ɗaya gora ta fi dacewa. Gyaɗa kuwa a bar ta a ɓawonta, sai dab da shuka a ɓare.

Baba Mai Noman Rani: Malam, kada a manta da toka. Tankaɗaɗɗiyar toka da ta huce, mudu ɗaya ga mudun wake, a cakuɗa a ƙara wata a sama. In an yi mata rowa ba ta aiki. Sannan ina jan kunne kan shanya jiƙaƙƙen iri a kan kwano ko siminti da tsakar ranar bazara, dafa shi ake yi ba busarwa ba.

Uwargida Mai Lambu: Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. To firij fa? Kuma albasa za mu iya?

Malamin Gona: Sanyi na ƙara wa iri kwana, amma danshi ya fi zafi kashe shi. In wuta na yawan ɗaukewa, firij zai riƙa gumi, gara kwalba mai murfi a ƙarƙashin gado, can nesa da kicin. Ki jefa busasshen gawayi ko 'yar jakar nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. In kin sa a firij, kada ki buɗe kwalbar sai ta koma ɗumin ɗaki. Akwai gwajin gishiri: zuba iri da cokali ɗaya na busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ki girgiza ki bari ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya.

Albasa aikin zango biyu ce. Sai an samu kai, a zaɓi masu kyau a ajiye, a sake dasa su farkon sanyi, su yi fure, a yanke kan furen idan baƙin iri ya fara leƙowa. Irinta da wuya ya wuce shekara 1 da ƙarfinsa, ko da na albasar Galmi ne, alhali na tumatir da ya bushe da kyau yakan kai shekara 3 zuwa 4. Kabeji ku saya kawai, zafin ƙasar nan ba ya barinsa ya yi iri. Masara ma ban ba ku shawara ba: iska ke kai mata barbara daga gonakin wasu, kuma irin da aka cire daga tsiraran shuka yana raguwa duk shekara.

Hajiya Mai Kuɓewa: Ranar musaya kowa ta zo da nata a ƙunshe, an rubuta sunan iri, watan da aka cire, da gidan da ya fito. Mako biyu kafin nan kowa ta gwada: ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen ƙyalle, a naɗe a sa a leda a inuwa, a duba bayan kwana 7 zuwa 10, tattasai a ba shi 14. In 16 sun tsiro iri ne mai kyau, in 10 ne a ninka yawan shuka, ƙasa da haka kada a ba kowa. Ku raba aikin ma, gida ɗaya ya riƙe tattasai, wani kuɓewa, kuma kowane iri ya kasance a hannun mutum biyu saboda tsautsayi.

Musayar dashe daban ce da musayar iri. Tsutsar Tuta absoluta da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016 tana bin ganye da 'ya'ya, don haka a duba bayan ganyen dashe kafin a shigar da shi gida. Ragowar irin kanti mai launin ja ko shuɗi kuma magani ne a jikinsa, a ware shi daban, nesa da yara da kaji.