Shawarwari Kan Kuskuren Da Ke Tsayar Da Manhajar PHP

Abin da masu rubuta manhaja suka fi jaddadawa a wata tattaunawa kan yadda za a bi da kuskuren da ke tsayar da manhajar da aka rubuta da PHP, harshen rubuta manhajojin shafukan intanet, shi ne bai kamata mai ziyartar shafi ya ga cikakken bayanin kuskure ba, domin bayanin yakan fallasa wurin da fayiloli suke a sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin), wani lokaci har da sunan rumbun bayanai. Saboda haka aka ce a kashe display_errors (saitin da ke nuna kuskure a kan shafi) da zarar an buɗe manhaja ga jama'a, a bar log_errors (saitin da ke adana bayanin kuskure a kundin rahoto) a kunne, sannan a mayar wa burauzar mai ziyara da lambar 500, wadda ke nuna an samu matsala a sabar.

An fi tsayawa kan kuskuren da ba ya kamuwa. Tun fitowar PHP 7 a 2015, ana iya cafke yawancin manyan kurakurai ta Throwable (rukunin da ya haɗa duk kurakuran da manhaja za ta iya cafkewa), amma ƙarewar ƙwaƙwalwar da aka ware wa manhaja ko wucewar wa'adin aiki har yanzu suna yanke komai nan take, kuma sai da register_shutdown_function (mai tsara aikin da za a yi sa'ad da manhaja ta tsaya) tare da error_get_last (mai kawo bayanin kuskuren ƙarshe) ake gano su. A ganina, shawarar da ta fi nauyi ita ce shafin kuskuren ya kasance HTML zalla, wato shafin da aka riga aka rubuta ba tare da PHP ba, wanda bai dogara da rumbun bayanai ba, don kada shi ma ya faɗi tare da manhajar.