Wace Hausa za mu yi wa "supply chain"? Ni dai zangunan kaya na zaɓa

1/ Malamai masu fassara da 'yan uwa 'yan jarida, ga wata kalma da ke ba mu wahala a labaran makamashi: supply chain. Duk sanda ƙungiyoyin kamfanonin mai da gas suka tashi neman gwamnati ta shimfiɗa bututu ko ta gina tashar wuta, da ita suke kafa hujja. Sai su ce ai ba ɗan kwangila kaɗai zai ci ba, akwai tarin kamfanoni da ma'aikata a bayansa. Wannan tarin ne muke nema wa suna.

2/ Mu fara ganin abin kafin raɗin suna. Ɗauki bututun gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, faɗinsa inci 40, wanda Buhari ya ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yuni, 2020. A jarida sunan NNPC za ka gani, sai 'yan kwangila irin su Oilserv da Brentex. Amma kafin bututu ɗaya ya kwanta a rami, wata masana'anta ta narka ƙarfe, wata ta lanƙwasa shi ya zama bututu, an shafe shi da abin hana tsatsa, jirgin ruwa ya sauke shi a tasha. A 2021 NNPC ta fara ɗauko bututun daga Warri zuwa Itakpe a jirgin ƙasa, daga nan tirela ta karɓa. A bakin rami kuma ga mai walda, ga mai ba da hayar katafila, ga mai kawo dizal. Abin takaici, layin bututun daga Ajaokuta ya fara, garin da masana'antar ƙarfen da aka aza harsashinta zamanin Shagari ta ƙi tashi har yau.

3/ Fassarar da aka fi rubutawa yanzu ita ce "sarƙar samar da kayayyaki". Ba na sonta. Ka ce wa Bahaushe sarƙa, ko dai ya tuna ta wuyan amarya, ko ta ƙafar fursuna, ko ta babur. An ɗauko hoton Bature ne aka sa masa hula. Ga ta da tsawo, kanun labari ba ya ɗaukarta.

4/ "Safarar kaya" kuwa ɗauka da kaiwa ce kawai, ta bar mai ƙera da mai walda a waje. Kuma labaran kwastan da na 'yan ƙwaya sun riga sun ɓata wa safara suna.

5/ Wani malami ya kawo "ayari", kuma wallahi na ji daɗinta, don ta kai mu gidan da ya kamata mu nema, wato fatauci. Sai dai ayari tare yake tashi, tare yake sauka, madugu ɗaya ke ja. A nan kuwa mutanen ba sa tafiya, kayan ne ke tafiya. Mai narka ƙarfe bai san direban tirelar Itakpe ba, ba kuma zai taɓa saninsa ba.

6/ Shi ya sa na tsaya a kan zango. A zamanin da, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba a rana ɗaya suke isa ba, zango-zango suke yi, kuma kowane zango da masu cin abinci a cikinsa: fatoma mai masauki, dillali, 'yan dako, mai sayar da harawa. Kaya su sauka, a yi musu hidima, su wuce gaba. In zango ɗaya ya ɓaci, na gaba ya kwana da yunwa. Ma'anar da Turawa ke nufi ke nan, kuma kalmar tana nuna mutane da abincinsu, wanda shi ne ainihin abin da ƙungiyoyin kamfanonin ke tallatawa. Don haka: zangunan kaya.

7/ A gwada ta a jimla. "Tsadar dala ta kawo cikas a zangunan kayan aikin wutar sola." "Kamfanonin gida na neman a ba su kaso a zangunan kayan aikin gas." Ta biyun ita ce maganar da ƙungiyar PETAN ta kamfanonin hidimar mai na 'yan ƙasa ta daɗe tana yi, kuma a kanta aka yi dokar 2010 ta fifita 'yan gida a harkar mai da gas, wadda ta haifar da hukumar NCDMB mai kula da bin dokar, mai hedikwata a Yenagoa. Da wannan kalma mai sauraron rediyo zai iya tambayar da ta dace: cikin zangunan nan, nawa ne a ƙasarmu, nawa ne a waje?

8/ Tunda mun zo nan, ita ma hidimar da ƙungiyoyin ke yi a ofisoshin gwamnati da majalisa a daina ce mata "fafutuka". Fafutuka ta mai neman haƙƙin jama'a ce. Wanda ke neman kwangila da sassaucin haraji kamun ƙafa yake yi, kuma ba zagi ba ne.

9/ Na san za a ce zango ya riga ya yi aiki da yawa: zangon karatu, zangon mulki, ga Zangon Kumasi da na Accra. Gaskiya ne, amma "kaya" da ke biye da ita ta raba gardama.

10/ Saura 'yan uwanmu na Nijar, da ke fassarowa daga Faransanci. Kuna da bututun mai daga Agadem zuwa Seme a Jamhuriyar Benin, kusan kilomita 2,000, wanda CNPC ta China ta gina, kuma a 2024 rikicin iyaka ya tsayar da lodin mai a tashar Seme. In aka ce a rediyon Damagaram ko Maraɗi "an toshe zangon ƙarshe na man Agadem", za a gane ba sai an ƙara bayani ba? Ku faɗa mana abin da kuke cewa a ɗakin labaranku kafin mu sa hannu.