Kwazazzabo na cin bayan filina ta wajen Kufena, in yi gini ko in haƙura?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema, wallahi abin nan ya hana ni barci. Shekara 4 ke nan na sayi fili a Zariya ta wajen Wusasa in ka doshi dutsen Kufena, kuɗin da na daɗe ina tarawa ne har da adashen mai ɗakina a ciki. Lokacin da na saya akwai wata 'yar hanyar ruwa a bayan filin, yaro ma tsallake ta yake, to yanzu ta zama kwazazzabo, in mutum ya shiga ciki ba a hango kansa. Bara na kafa turke na auna daga bakin ramin zuwa iyakata taku 22, shekaranjiya bayan ruwan nan mai ƙarfi na koma na sake aunawa saura 15. Ta gabas kuma akwai falalen dutse da ya leƙo cikin filin kamar bayan kunkuru. Wani ya ce in sa a riƙa zuba bola da jar ƙasa har ramin ya cike, wani ya ce a fasa dutsen a zuba a ciki, wani kuma ya ce in yi maza in sayar kafin damina ta gaba amma zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Na riga na buga bulo 1,500 suna ajiye. Me zan yi?

Mai Tifa:
Wa alaikumus salam Alhaji, ka cike shi kawai, tifa 30 na marmara a bi da katafila a danne, mun sha yin irin wannan aikin.

Maman Sadiq:
Baban Hanifa don girman Allah kar ka yarda da maganar bola. A unguwarmu an yi haka, shekara biyu ana zubawa, ruwan Agusta ɗaya ya kwashe komai ya kai wa mutanen gangare, leda ta toshe kwalbati ruwa ya shiga gidaje, ga wari ga sauro, ramin kuma ya dawo har ya fi da faɗi. Ni dai abin da idona ya gani na faɗa.

Malam na Samaru:
Ɗan uwa sannu, Allah ya kawo mafita. Ilimin duwatsu da ƙasa na karanta a ABU, bari in ɗan yi dogon bayani don sai ka gane yadda ramin yake ci sannan za ka san inda za ka kashe kuɗinka.

Wannan falalen da ya leƙo filinka da dutsen Kufena ɗin da kake hangowa duk abu ɗaya ne, a ƙarƙashin ƙasa haɗe suke. Giranit ne, ya samu ne daga narkakken dutse da ya huce a hankali can cikin ƙasa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, shi ya sa in ka duba shi da kyau za ka ga ƙwayoyi manya-manya, wasu fari-fari, wasu kamar gilashi, wasu baƙaƙe masu walƙiya. To dutse fa yana ruɓewa, mutane ba su cika yarda ba amma duk mai haƙa rijiya ya san ruɓaɓɓen dutse, wanda za ka ga kamanninsa na dutse ne amma in ka murza shi da hannu sai ya marmashe. Ruwan sama ne ke bin tsaguwar dutsen yana shiga, ga ɗumi irin na ƙasarmu, a hankali fararen ƙwayoyin nan su rikiɗe su zama yumɓu, masu kama da gilashin su kuma ba sa ruɓewa sai su zube su zama yashi, ƙarfen da ke cikin baƙaƙen ya yi tsatsa, shi ne jan da kake gani a ƙasar Zariya kuma shi ne asalin marmara. Inda dutsen yake da tsaguwa da yawa sai ya ruɓe da zurfi, inda yake dunƙule babu tsaga sai ya tsaya. Da ruwa ya yi ta kwashe ruɓaɓɓen cikin dubban dubban shekaru sai dunƙulallen ya fito fili ya tsaya shi kaɗai, Kufena ke nan. Wato ba tsirowa ya yi ba, ƙasar da ke kewaye da shi ce ta tafi ta bar shi.

Yanzu ka je ka shiga ramin nan da rana ba lokacin hadari ba, ka kalli bangonsa. Ina kyautata zaton za ka ga ƙasar sama 'yar kaɗan, sai marmara mai tauri, sai a ƙasanta wani abu mai laushi fari-fari ko ruwan hoda. Matsalar tana nan. Ruwa in ya zo ya faɗo daga baki kamar daga indararo, ba marmarar yake ci ba, mai laushin nan na ƙasa yake ƙwaƙulewa har marmarar ta zama ba abin da ke riƙe da ita sai ta zaftare gaba ɗaya, shi ya sa za ka ga dare ɗaya taku biyu ko uku sun tafi. Kuma kan ramin baya-baya yake tafiya, yana hawa yana bin inda ruwan ke fitowa.

Mai Tifa:
Malam duk da haka in an danne marmara da kyau ai tana zama.

Malam na Samaru:
Tana zama yallaɓai in ruwan ya daina zuwa, amma in yana nan yadda yake to ciko ya fi ƙasar asali sauƙin kwashewa. Tambayar da ya kamata Baban Hanifa ya yi ita ce me ya canja a shekara 4 ɗin nan, don ruwan Zariya bai ninka ba, yana nan wajen milimita 1,000 ko sama kaɗan a shekara, yawancinsa daga Mayu zuwa Satumba. Abin da ya canja gine-gine ne a sama da shi. Da gonaki ne ƙasa na shan ruwa, yanzu kwano ne da daɓen siminti. Ku lissafa, rufin kwano mai mita 10 tsawo 10 faɗi yana zubo da lita 100,000 a damina ɗaya, durom 500 ke nan, gida ɗaya fa, to in gida 40 suka juyo da kwatarsu layi ɗaya ina ruwan zai je? Ga shi dutse ma ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka a kan falale gangarowa yake da gudu. Kuma ƙasar saman nan tamu akwai ƙurar da iska ta daɗe tana kawowa daga arewa a cikinta, mai laushi ce, in ba ciyawa a kanta ɗigon ruwa na dukanta sai ta yi ɓawo ta ƙi shan ruwa.

Usman Magini:
Ni ta ɓangaren gini zan yi magana, shekarata 20 da wani abu ina wannan sana'a. Alhaji dutsen nan ba abokin gabarka ba ne kar ka kashe kuɗi wajen fasa shi, nakiya ma ba a sa ta sai da izinin hukuma kuma ga gidajen mutane kusa. Masu ƙona taya da itace a kan dutse su watsa ruwa ya tsage, saman kawai suke ɓarewa. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ka ɗora rabin gida a kan dutse rabi a kan ciko, wallahi sai ya tsage, don ɓangaren dutse ba ya motsi ɓangaren ciko kuma zai yi ta zama, na ga gida da aka yi haka tsaguwar ta tashi daga fandisho har linta hannu na shiga. In za ka yi ginin ka matsa da shi can ta gefen dutsen nesa da rami, a haƙa ramukan gwaji ko huɗu a kusurwoyi a ga zurfin da ƙasa mai ƙarfi take, kuma ka kira injiniya ya gani da idonsa kafin ka kai zanen gidan wurin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna. Sokawe da masai kar su kusanci bakin ramin ko kaɗan, jiƙa ƙasar wurin suke ta ƙasa.

Baba Manomi:
Yaro ka nemi ciyawar jema. Mu a gona da ita da gamba muke tare zaizaya tun iyayenmu, jema saiwarta miƙewa take ƙasa ta yi zurfi ta kama ƙasa kamar raga, ka dasa ta layi-layi a gicciye ba a tsaye ba, kusa da kusa, tun da sauran damina don ta kama. Cikin ramin kuma kar ka ce za ka toshe shi da katanga ɗaya babba, ruwa zai zagaye ta ya ci gefe. Ƙananan shinge ake yi da duwatsu a jere daga sama zuwa ƙasa, tsakiyar kowanne ya fi gefensa gajarta, ruwa ya wuce a hankali ya bar yashinsa a baya, da kansa ramin zai riƙa cikewa. Kuma a hana masu ɗiban yashi a ciki, da awaki har ciyawar ta kafu.

Malam na Samaru:
Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Abin da zan ƙara kawai, kan ramin inda ruwan ke faɗowa shi ne wurin farko, a fasa bakin a kwantar da shi ya zama gangare maimakon tsaye, a shimfiɗa duwatsu cikin ragar waya har ƙasa inda ruwan ke dira. Dutsen da za a saya na wannan aikin ya fi tifa 30 na ciko amfani nesa ba kusa ba. Kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne, ƙasar da ke barin bayan filinka ita ce ke zuwa ta cike rafuka da madatsun ruwa, dam ɗin Kubanni ma laka na damunsa. Ku haɗu ku je wurin mai unguwa, a rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, ku haɗa da hotuna da awon nan naka na turke, awon yana da muhimmanci ƙwarai ka ci gaba da yi kana rubuta kwanan wata.

Hajiya Babba:
Ɗana maganar sayarwa kuwa, in har za ka sayar to ka kai mai saye bakin ramin ka nuna masa ka gaya masa taku nawa ya ci bana, ɓoye aibin kaya haramun ne ka sani, kuma yadda kuɗin nan ya yi maka wuyar tarawa haka na wani. Zuciyarka da ta ƙi kwanciya gaskiya ta gaya maka.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri, Hajiya in sha Allahu ba zan cuci kowa ba. Jiya da aka fara yayyafi na ɗauki lema na bi ruwan har sama don in ga inda yake fitowa, ashe layi uku ne suke haɗuwa a bayan wani sabon gini su gangaro mana, kuma na shiga ramin da safe na ga farar ƙasar nan mai laushi, ta ƙwaƙule a ƙarƙashin marmarar har hannuna na shigewa zuwa kafaɗa. Na yi magana da maƙwabta biyu, ran Asabar bayan la'asar za mu je gidan mai unguwa. Bulo dai na bar su a ajiye sai an haƙa ramukan gwaji. Baba a ina zan samu jemar da yawa, kuma in na dasa a ƙarshen Agusta za ta kama kafin ruwa ya ɗauke?

Baba Manomi:
Ka duba bakin fadama, ka saro ta da saiwarta ka rarraba, ka datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya. Za ta kama in ka dasa satin nan, in ruwa ya ɗauke da wuri ka riƙa ba ta da bokiti har sati uku.