Muhawara: Shin kyautar Sundance ce ke sayar da fim?

Baban Walida: Jama'a, ni dai ra'ayina bai sauya ba: fim ɗin da ya ci kyauta a Sundance, bikin fina-finai da ake yi duk shekara a Amurka, ya gama wahala. Ku dubi CODA a 2021. Kyauta huɗu ya kwashe, har da babbar kyautar alƙalai da ta 'yan kallo, Apple ya saye shi dala miliyan 25, a 2022 kuma ya zama gwarzon fim a Oscar. Whiplash ma a 2014 kyaututtukan nan biyu ya haɗa. Wace hujja kuma ake nema?

Hajiya Furodusa: Malam, a jera kwanakin tukuna. Apple ya ƙulla cinikin CODA kwana biyu bayan nunin farko, lokacin ba a ma sanar da waɗanda suka ci kyauta ba. Whiplash kuwa shi ya buɗe bikin, Sony Pictures Classics ya ɗauke shi tun a kwanakin farko. Manyan masu saye a ƙarshen makon farko suke cika garin da ake bikin, kyauta kuma sai bikin ya zo ƙarewa ake bayarwa. Abin da ke jawo su shi ne yadda aka karɓi fim a nunin farko, da sharhin da ya fito a daren, da dillalin da ya iya haɗa masu saye biyu ko uku su yi ta ƙara wa juna farashi. Ko an saya ɗin ma ba lallai a mayar da kuɗi ba. The Birth of a Nation ya ci manyan kyaututtukan biyu a 2016, Fox Searchlight ya biya dala miliyan 17.5, abin da ya tara a sinimomin Amurka bai kai hakan ba.

Baban Walida: To Hajiya, Nanny na Nikyatu Jusu fa? Ya ci babbar kyautar alƙalai a Janairun 2022 ba shi da mai saye, sai a watan Maris kamfanonin Blumhouse da Amazon suka ɗauke shi. Ga kuma Mami Wata na C.J. Obasi: a 2023 alƙalai suka ba shi kyauta ta musamman saboda aikin kyamarar Lílis Soares, bayan 'yan makonni ya ci kyauta uku a FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, Najeriya kuma ta tura shi gasar Oscar. Ƙaramin fim baƙi da fari da aka ɗauka a Jamhuriyar Benin, in ba kyautar ba wa zai waiwaye shi?

Hajiya Furodusa: Nan na yarda da kai, ga fim marar fitattun jarumai kyauta tana sa a buɗe saƙonka. Amma Mami Wata ɗin da ya dawo gida, daraktan da kansa ya fito ya koka kan ƙarancin lokutan nunin da ya samu a sinimomin Najeriya. Mai sinima kujeru yake ƙirgawa.

Mai Sauti: Ranku ya daɗe, akwai inda ciniki ke lalacewa bayan an ci kyautar, kuma ba ku taɓo shi ba. Mai saye ba ya sakin cikon kuɗi sai an miƙa masa kayan fim cif. Na farko, sauti a rarrabe: magana daban, kiɗa daban, ƙarar abubuwa daban. In an haɗe su wuri ɗaya tun wurin tacewa, ba yadda za a cire Hausa a ɗora Faransanci ba tare da kiɗa da takun ƙafa da ƙarar ƙofa sun bi maganar ba, sai an sake gina su daga farko. Na biyu, waƙa. Da yawa suna biyan izinin nuni a bukukuwa kawai saboda ya fi araha, kuma kowace waƙa izini biyu gare ta, na wanda ya rubuta da na mai faifan. Ranar da masu waƙar suka ji fim ya ci kyauta, farashi ya tashi ke nan. Na uku, takardu: yarjejeniyar marubuci, sa hannun kowane jarumi, izinin gidan da aka yi ɗauka. Da su kamfanin inshora ke duba ko wani zai iya kai ƙara gobe, in babu inshorar nan manyan kamfanonin Amurka ba sa karɓar fim. A masana'antarmu yawancin yarjejeniya da baki ake yi, wannan kaɗai ya isa ya rushe ciniki.

Ɗan Edita: Yaya Mai Sauti ya faɗi gaskiya, sai dai matsalar tamu ta riga nan farawa. Gasar fina-finan ƙasashen waje ta Sundance tana son fim ɗin da ba a riga an nuna wa duniya ba. Wanda ya ɗora a YouTube ya riga ya nuna wa duniya, ya fita daga layi tun kafin ya cike fom a FilmFreeway, shafin da ake tura fim zuwa bukukuwa. In kuma an zaɓe ka, fayil ɗin DCP za a nema, wato irin wanda na'urar sinima ke haskawa. Mu a nan sau da yawa hoto 25 a daƙiƙa muke ɗauka, sinima kuwa 24 ta saba da shi. In an rage gudun, fim yana ƙara tsawo da kusan kashi 4 cikin ɗari, murya ta ɗan yi ƙasa in ba a gyara ba, rubutun fassara kuma ya riƙa riga baki. Dole a sake daidaita shi.

Baban Walida: Duk na ji, amma waɗannan sharuɗɗan cika ciniki ne. Wa ya kawo mai sayen teburin tun farko? A Nanny dai kyautar ce.

Hajiya Furodusa: A Nanny wataƙila, Malam. A CODA da Whiplash, waɗanda kai ka fara kawowa, dillali ne da nunin farko. Shi ya sa nake cewa a nemi dillali tun fim yana kan teburin edita, a kuma sa iyaka a rubuce kan kuɗin tallan da zai cire, domin kamashonsa da kuɗin da ya kashe ake fara zarewa kafin furodusa ya ga ko sisi.