Yadda ake bambance kawunan jirgin ƙasa

A wata tattaunawa kan yadda ake bambance kawunan jirgin ƙasa, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a fara duba saman jirgin. In akwai ƙarfen da ke gogar wayar lantarki, to mai lantarki ne. In babu, galibi mai dizal ne, kamar na layin Abuja zuwa Kaduna: injinsa janareta yake juyawa, wutar ce ke tura ƙafafun.

An fi daɗewa ana magana kan ƙananan kawunan jirgi masu jera taragu a tasha. Kada a raina su don rashin gudu, ƙarfin ja ake nema wurinsu. Ɗaya daga cikin ire-irensu, Class 08 ta Birtaniya, da aka fara ƙerawa a 1952, ba ta wuce mil 20 a awa, amma har yau wasu na aiki. Kowa kuma ya yi gargaɗi kada a ratsa tsakanin taragu lokacin haɗa su.