Don Allah ku taimaka, wane irin tsiron Pinguicula ne, esseriana ko ehlersiae?

Salamu alaikum ƴan uwa masu shuke-shuke. Ina nan Yamai da tukwane biyu na Pinguicula, irin na ƙasar Meziko, tsiron nan da ganyenshi ke da danƙo kamar an shafa mai, ƙananan ƙwari su sauka su maƙale ya narkar da su. An ce mini ɗaya esseriana ce ɗaya ehlersiae, takardun sunan sun goge, wallahi duk iri ɗaya nike gani, ganye ƙanana a jere kamar fure, da sanyi kuma sai su ƙanƙance danƙon ya ɗauke. Na ji ana cewa sai sun yi fure ake rabewa, to mi zan duba, launi ko ɗan ƙahon bayan furen? Ina son in yi musaya da wani kuma ban so in ba shi da sunan da ba nata ba.