Damina ta sauka a Kumasi: malamai, yaya take samunku a aji?

Tsohon malami, Asawase:
Salamu alaikum, masu alli a hannu. Damina ta biyu ke nan tun da na cika 60 na ajiye aiki. Jiya ina fitowa daga sallar asuba ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tare ni, sai ƙafata ta kama hanyar makaranta da kanta. Shekaru da dama, da zarar hadari ya fara haɗowa kullum da la'asar, na san 'yan JHS 3, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, sun kusa zana BECE, jarrabawarsu ta fita, sun kusa barina. Har yau zuciyata ba ta daina wannan lissafi ba. Ku da kuke ciki, ku ba ni labari.

Malamar firamare, Aboabo:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ajinmu rufin kwano ne, ba silin. In ruwan watan Yuni ya tsuge, ko maƙogwaro zai tsage ba mai jin ka. Wata rana ina tsaye ina cewa su buɗe littafin lissafi, yara sama da hamsin suna kallona kawai. Yaro ɗaya ne ya buɗe, wanda duk muka ɗauka ba ya ganewa, yana can bayan aji. Na sake wata magana, ya sake yi daidai. Ashe bakina yake karantawa, Baba. Kunnensa ne ba ya ji sosai, kuma zango biyu ina tare da shi ban lura ba. Ranar na je gida na yi kuka. Washegari na dawo da shi benci na gaba, na je na sami mahaifiyarsa aka kai shi asibiti.

Malamin kimiyya, Tafo:
Allah ya saka miki, Malama. Ni shinge ne abokan aikina. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi suna cika gindin fitila, da safe yara su zo da su a leda. Nan take nake ajiye abin da na shirya, mu duba fukafukan, in nuna musu cewa gara ce ta fito neman aure, ta zubar da fiffike ta shiga ƙasa ta kafa sabon shuri. Yadda ake soya su kuwa, su suke koya mini.

Malamin Arabiyya, Sabon Zango:
Ku yi mini haƙuri, ni damina fargaba ce. Kwata ta toshe da leda, rafin Aboabo ya cika, yaro ya iso da littafi ya zama kunu. Bayan mako biyu sauro ya yi aikinsa, in kira suna a ce yana kwance da zazzaɓi. Bara na kwana uku ina shanya rajista a kan tabarma. Ina son ƙamshin ƙasar nan kamar kowa, amma sai na ƙirga yarana sun cika tukuna.

Malama, Asokore Mampong:
Gaskiyarka, Malam, ba mai musu. Mu ranar 11 ga Yuni 2021, da aka fara Green Ghana, shirin gwamnati na dasa itatuwa a faɗin ƙasa, muka dasa itatuwa a filin makaranta. Awaki suka cinye kusan duka. Darbejiya ɗaya ta tsira, don wata yarinya ta kewaye ta da tsofaffin bulo, tana ba ta ruwan alwalarta duk rani. Yarinyar ta gama ta tafi sakandare. Yanzu a inuwar nan mai koko da ƙosai take zama.

Tsohon malami, Asawase:
Allah ya yi muku albarka, kun jiƙa mini zuciya. Malam, in za ku yashe kwatar nan ranar Asabar, ka aiko a kira ni, ina da shebur. Malama ta Aboabo, 'yata, yaron nan aji nawa yake yanzu?